Idan Kuɗin Birni Bai Kai Ba: A Rage, a Ƙara, a Ranto ko a Sayar?

Gwamnatin ƙasa idan ta shiga matsi tana da babban banki a bayanta, tana kuma iya cin bashi shekara da shekaru tana jan ƙafa. Hukumar birni ba ta da wannan gatan. A Ingila doka ta wajabta wa kowace majalisar ƙaramar hukuma ta gabatar da kasafin da kuɗin shigarsa ya yi daidai da na kashewa. Haka abin yake a galibin biranen Amurka. A Afirka ta Kudu ma dokar kula da kuɗin ƙananan hukumomi ta 2003 ta hana a tsara kashe kuɗin da ba a nuna inda zai fito ba. To ga shekara ta zo da ƙunci: ciniki ya ja baya, haraji ya faɗi, kason da ake samu daga gwamnatin sama ya ragu, alhali albashi da fansho da man motocin shara da kuɗin wutar fitilun titi ba ruwansu da halin da aka shiga. Magajin gari da kansilolinsa ba su da ƙofofi da yawa. Ko su tsuke bakin aljihu, ko su ƙara abin da suke karɓa daga jama'a, ko su taɓa ajiya su ci bashi, ko su sayar da wata kadara.

Kafin a ce wacce ta fi, akwai tambayar da ake yawan tsallakewa, kuma ita ce ke yanke hukunci: giɓin nan na wucin gadi ne, ko ya zo zama? Gwajin ba shi da wuya. A ɗauka gobe kasuwa ta farfaɗo, komai ya koma yadda yake shekara biyu da suka wuce. Giɓin zai rufe da kansa? Idan zai rufe, fari ne na shekara ɗaya ko biyu, ana iya jure shi da kuɗin da ake samu sau ɗaya. Idan ba zai rufe ba, saboda an ɗauki ma'aikatan da kuɗin shiga bai iya ɗauka, ko alƙawarin fansho ya fi ƙarfin asusu, ko jama'ar garin suna ta ƙaura, to duk kuɗin da aka zuba sau ɗaya baɗi za a sake neman irinsa, har da ƙari. Ma'ajin da ya san aikinsa ya san kuma cewa shekarar da ta fi tsanani ga birni ba lallai ta zama shekarar da tattalin arziki ya faɗi ba. Harajin ciniki yakan faɗi nan take, amma harajin gidaje da filaye yana biyo baya, domin sai an sake kimanta darajar gidajen kafin faɗuwar ta bayyana a takardar biya. Wanda ya ƙarar da ajiyarsa a shekarar farko sai ya tarar da ta biyu hannu rabbana.

Ajiya ita ce mafi sauƙin magana. Ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnatoci ta Amurka da Kanada tana ba da shawarar birni ya riƙe asusun ko-ta-kwana da bai gaza kuɗin gudanarwa na wata biyu ba. Domin irin wannan rana aka tara shi, kuma magajin garin da ya ƙi taɓa shi yana korar ma'aikata saboda fari na shekara ɗaya ya yi rowar da ba ta da amfani. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta a cikin kasafin nawa za a ɗiba, da yadda za a mayar, da kuma yaushe.

Bashi kuwa kala biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ya kassara birane da dama. Akwai wanda ake ci don gina abin da zai daɗe, kamar gada, matatar ruwa ko magudanai. Wannan babu laifi, har ma ya fi adalci, tunda waɗanda za su amfana da gadar nan da shekara ashirin su ma za su biya rabonsu. A shekarar ƙunci ma yana da wata fa'ida, domin aikin da da an biya shi daga kuɗin bana ana iya mayar da shi kan lamuni mai dogon zango, a sami sararin numfashi. Sai kuma wanda ake ci don biyan albashi. Dokar Afirka ta Kudu da na ambata ta raba su sarai: bashin dogon zango na manyan ayyuka ne, na gajeren zango kuma dole a biya shi a cikin shekarar kuɗin da aka ci shi.

Wanda yake ganin wannan tsauri ne ya dubi New York. Shekaru birnin yana cike giɓin ayyukan yau da kullum da takardun lamuni na gajeren zango, idan wa'adin wata ya cika a sayar da sabuwa a biya tsohuwa. A farkon 1975 bankuna suka ce sun daina saye. Nan da nan birni mafi girma a Amurka ya rasa kuɗin albashi. Jihar New York ta kafa wata hukuma ta musamman don ciyo masa bashi, sannan ta ɗora masa kwamitin da ya karɓe ikon kasafinsa. Aka sallami dubban ma'aikata, har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, aka ƙara kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma a 1976 jami'ar birnin, wadda ta yi fiye da ƙarni ana karatu kyauta a cikinta, ta fara karɓar kuɗin makaranta. Duk abin da aka ci bashi don gudun yin sa, sai da aka yi shi, a lokaci ɗaya, kuma ba da zaɓin mutanen garin ba. Detroit ta maimaita darasin ta wata fuska: a 2005 da 2006 ta ranto kimanin dala biliyan 1.4 don cike asusun fansho, kuma wannan bashin yana cikin dala biliyan 18 da ta je gaban kotu da su a watan Yulin 2013 tana cewa ta gaza biya.

Sayar da kadara ita ce ƙofar da ta fi jan hankalin ɗan siyasa, domin kuɗi ne mai yawa a yau, babu ƙarin haraji, babu kora. Shikago ta zama abin misali a nan, kuma ya kamata a dube ta da kyau. A watan Disambar 2008, duniya tana tsakiyar rikicin kuɗi, magajin gari Richard M. Daley ya kawo wa majalisa yarjejeniyar jinginar da mitocin biyan kuɗin fakin mota, kimanin 36,000, ga wasu masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin bankin Morgan Stanley, na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Kansiloli sun sami 'yan kwanaki ne kawai su duba takardun, suka amince da ƙuri'a 40 da 5. Shekara na zagayowa babban mai binciken birnin ya fitar da rahoto cewa an yi araha da kusan dala biliyan ɗaya. Kuɗin fakin ya yi tashin gwauron zabi, a wasu unguwanni ya ninka huɗu. Mafi yawan kuɗin da aka karɓa, wanda aka ce za a ajiye wani ɓangare don gaba, an cinye shi wajen toshe giɓin shekaru biyu zuwa uku. Abin da ya fi ciwo yana cikin ƙananan sharuɗɗa: idan birnin ya rufe titi don gyara ko biki, ko ya cire wurin fakin don yin hanyar bas ko ta kekuna, sai ya biya kamfanin diyyar abin da ya rasa. Wato an jinginar har da ikon tsara titunan gari, zuwa bayan shekarar 2080. An sayar da saniyar tatsa don a sha nono na kwana biyu.

Ba kowace sayarwa ce haka ba. Kangon ofis da ba a amfani da shi, fili da ya zama juji, motocin da suka mutu suna cin kuɗin gadi: sayar da irin waɗannan riba biyu ce, domin an huta da ɗawainiyarsu, kuma filin da ya koma hannun mai gini zai fara biyan haraji. Bambancin shi ne ko kadarar tana kawo kuɗi ko tana ci. Ko da mai ci ce, kuɗinta sau ɗaya ne, don haka wurinsa biyan tsohon bashi ko wani babban aiki, ba albashin wata-wata ba. A tuna kuma lokacin ƙunci shi ne lokacin da masu saye suka san kana cikin matsi.

Saura biyu, kuma su ne kaɗai ke maganin giɓin da ya zo zama: rage kashewa da ƙara kuɗin shiga. A nan gardama ta gaske take.

Masu son a rage suna da hujja mai ƙarfi. Mutanen gari su ma suna cikin ƙuncin, ciniki ya tsaya, wasu sun rasa aiki, ba lokacin ƙara musu nauyi ba ne. Kuma ragewa tana hannun hukuma, ba ta jiran kowa ya biya. Matsalar ita ce inda kuɗin yake. Ayyukan birni na mutane ne, don haka albashi da fansho ne ke cin kaso mafi tsoka. Birnin Vallejo na jihar Kalifoniya, lokacin da ya durƙushe a 2008, kusan kashi uku cikin huɗu na babban asusunsa yana tafiya ne a kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Duk wanda ya ce zai cike babban giɓi da rage tafiye-tafiyen jami'ai da kuɗin shan shayi a taro, ko bai karanta kasafin ba, ko yana yaudarar jama'a. A rage su, domin shugaban da ke cewa a ɗaure ciki yana sayen sabuwar mota ba wanda zai saurare shi, amma ba su ne za su rufe ramin ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce a ce kowane sashe ya rage kashi goma cikin ɗari. Tana da kamar adalci, kuma tana hana rigima a majalisa, shi ya sa ake son ta. A ganina ita ce mafi raunin duka. Sashen da ya riga ya tsuke kansa ana hukunta shi daidai da wanda ke da ƙiba, kuma kashi goma daga sashen tara haraji na iya jawo asarar da ta ninka abin da aka ce an adana. Dakatar da ɗaukar sabbin ma'aikata ya fi kora sauƙi a zuciya, amma shi ma makaho ne: ba ka zaɓi wanda zai yi ritaya ba, kana iya wayar gari injiniyan ruwa biyu sun tafi, masinja goma suna nan. Abin da ya fi, ko da yake ya fi wahala, shi ne a zauna a jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan doka ta wajabta shi, wannan rai ya dogara da shi, wannan kuwa za a iya dainawa gaba ɗaya. Gara a rufe shiri ɗaya ɗungurungum a faɗa wa jama'a gaskiya, da a bar goma suna tafiya da ƙafa ɗaya. Kafin duk wannan kuma a tantance takardar albashi da kwangilolin da ake sabuntawa ba tare da gasa ba, domin ma'aikatan bogi da tsofaffin yarjejeniyoyi ne ragin da ba ya taɓa kowa sai ɓarawo.

Akwai ragin da ba ragi ba ne, bashi ne a ɓoye. Gyaran tituna, bututun ruwa, rufin makarantu da yashe magudanai su ne aka fi saurin yankewa, saboda bututu ba ya zanga-zanga. Amma titin da ba a toshe tsagarsa bana ba, ruwa zai shiga ƙarƙashinsa, nan da 'yan shekaru sai an sake gina shi daga tushe. New York ta biya wannan bashin bayan rikicinta: a 1988 sai da aka rufe gadar Williamsburg saboda tsatsa ta cinye ƙarafunta. Mafi muni shi ne Flint a jihar Michigan. A watan Afrilun 2014, ƙarƙashin kantoman da jiha ta naɗa don daidaita kuɗin birnin, aka mayar da ruwan sha zuwa kogin Flint don a adana kimanin dala miliyan 5 cikin shekara biyu, ba a kuma sa maganin da ke hana ruwan cin bututu ba. Gubar dalma ta shiga ruwan da yara ke sha. Sulhun diyya da kotu ta amince da shi a 2021 ya haura dala miliyan 600, ban da kuɗin sauya bututu, ban da lafiyar yaran da ba ta da farashi.

Wani lokaci jama'a da kansu ke zaɓar ragi. A ƙarshen 2009 masu zaɓe a birnin Colorado Springs na Amurka suka ƙi amincewa da ƙarin harajin gidaje. A 2010 birnin ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na fitilun titi, ya sayar da jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu, ya kwashe kwandunan shara daga wuraren shaƙatawa, ya dakatar da bas na dare da na ƙarshen mako. Aka kuma ba da dama mai hali ya biya a kunna masa fitilar ƙofar gidansa. Duba wanda ya ɗauki nauyin: mai mota bai ji rashin bas ba, mai kuɗi ya sayi haskensa, ma'aikacin da ke tashi aiki tsakar dare shi ya taka a duhu. Ragi ma haraji ne, sai dai ba a rubuta sunan mai biyansa.

Ƙarin kuɗin shiga shi ma ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan nake ganin birane da yawa suna barin kuɗi a ƙasa. Ƙara farashin haraji daban, karɓo wanda ake bin mutane daban. Kampala, bayan an kafa sabuwar hukumar birnin a 2011 ƙarƙashin Jennifer Musisi, ta kusa ninka kuɗin shigarta na cikin gida cikin 'yan shekaru, kuma galibin aikin gyaran tsari ne: an karɓe tara kuɗi daga hannun 'yan kwangila, an rufe tarin asusun banki da ba a san adadinsu ba, an koma biya ta banki da waya. A Firitawun ta Saliyo, a 2020, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka ƙidaya gidajen birnin, aka ba kowane gida maki gwargwadon girman rufinsa, irin gininsa da unguwar da yake. Yawan gidajen da ke cikin rajista ya kusa ninkawa, manyan gidaje suka ga takardarsu ta hau sosai, ƙananan kuma tasu ta sauka. Bai tafi salin-alin ba, domin gwamnatin tsakiya ta taɓa dakatar da shirin. Amma ya nuna cewa inda rajista ta tsufa, kuɗin yana nan, ba a dai je an ɗauko ba. Illar wannan hanya ɗaya ce: tana cin lokaci, ba za ta biya albashin watan gobe ba.

Ƙara farashin kansa yana da iyaka, wani lokaci ta doka. A Kalifoniya tun 1978 an ƙayyade harajin gidaje a kashi 1 cikin 100 na darajarsu. A Ingila majalisa ba ta wuce kusan kashi 5 cikin 100 a shekara sai da ƙuri'ar raba gardama ko izini na musamman. Akwai kuma iyakar da ba doka ta sa ba: mutanen birni suna iya tsallakawa garin maƙwabta. Detroit, wadda ta sauko daga mutum miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin 700,000 a 2010, tana cikin biranen da harajin gidajensu ya fi tsada a ƙasar, amma gab da durƙushewarta kusan rabin masu gidaje ba sa biya, fitilun titi kusan kashi 40 cikin 100 kuma ba sa kamawa. Wanda yake biya bai ga aiki ba sai ya tafi, wanda ya rage a ƙara masa. Birni mai bunƙasa yana iya ɗaukar ƙarin kashi biyu ko uku ba a ji ba. Birni mai zubar da jama'a kuwa, ƙarin na iya rage abin da ke shigowa.

Hanya ɗaya ce zan ce a guje ta ko da me: mayar da cin tarar masu laifi hanyar samun kuɗi. A Ferguson ta jihar Missouri, binciken ma'aikatar shari'ar Amurka na 2015 ya gano cewa birnin ya tsara samun kusan kashi 23 cikin 100 na babban asusunsa daga tara da kuɗin kotu, ana matsa wa 'yan sanda su yawaita rubuta takardar laifi. Talaka ne ke biya, kuma ɗan sandan da ya zama mai karɓar haraji ya rasa amanar unguwa. Kuɗin hidima, irin na ruwa ko kwashe shara, ya fi wannan tsabta idan ya tsaya a kan ainihin abin da hidimar ke ci, aka kuma yi rangwame ga marasa ƙarfi.

Idan aka ɗora su a sikeli, ga yadda nake ganin zaɓin. Birnin da kasafinsa ke daidai kafin ƙuncin, kuma yana da ajiya, ya ɗebi wani ɓangare nata a raba kan shekara biyu, ya jinkirta sabbin ayyukan da ba a fara ba, ya riƙe ma'aikatansa da gyare-gyarensa. Korar mutanen da za ka sake nema baɗi asara ce. Birnin da giɓinsa ke dawowa kowace shekara ba shi da mafita sai ya haɗa biyun nan masu ɗaci: ya daina wasu ayyuka gaba ɗaya, ya zauna da ƙungiyoyin ma'aikata kan albashi da fansho tun kafin kotu ta zaunar da su, ya gyara rajistar haraji, sannan ya yi ƙari kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Ajiya a wurinsa gada ce ta wata shida ko shekara kafin gyaran ya fara haihuwa. Birnin da jama'arsa ke raguwa kuma dole ya rage girman kansa, kamar Yubari ta Japan, tsohon garin haƙar kwal da ya durƙushe a 2007, inda aka haɗe makarantun firamare suka koma ɗaya, ma'aikata suka ragu da kusan rabi.

Jinkiri shi ne zaɓin da ba a rubutawa a takarda, kuma ya fi kowanne tsada. Birmingham, ƙaramar hukuma mafi girma a Birtaniya, ta daɗe da sanin ana bin ta bashin bambancin albashi tsakanin mata da maza, wanda aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760, ga kuma sabon tsarin kwamfuta na lissafin kuɗi da ya ci ninkin-ba-ninkin abin da aka ware masa. A watan Satumbar 2023 ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Gwamnati ta turo kwamishinoni, aka ƙara harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka sake ƙara kusan 7.5 a 2025, aka tsara ragin fam miliyan 300 cikin shekara biyu, aka fara sayar da kadarori, har hasken fitilun titi aka rage. Uku daga ƙofofin nan huɗu an shige su tare.

Duk wanda zai zauna a kan kasafin bana, kansila ne ko ɗan jarida ko mai biyan haraji, ya fara da shafin hasashen kuɗin shiga, ya gwada shi da abin da aka karɓa a zahiri cikin shekaru uku da suka wuce. Hanya mafi sauƙi ta daidaita kasafi ita ce a rubuta cewa za a tara abin da ba a taɓa tarawa ba. Takarda za ta daidaita a ranar da aka sa hannu, sai wata na bakwai ko na takwas 'yan kwangila su fara zarya a ofishin ma'aji, a riƙe kuɗin fanshon da aka cire daga albashi, ariyas ya taru a tura shi baɗi. Kasafin da ya ɗauki hasashe mai tsauri, ya kuma rubuta tun farko abin da za a dakatar idan kuɗin wata uku na farko bai kai ba, da abin da za a maido idan ya haura, yana ba majalisa damar yanke shawarar tun tana da lokacin yin gardama a kai.